Kafin gangar Disamba: wa zai karɓi biki, me kuma za a miƙa masa?

Kaka ta kama, dawa da gero na shiga rumbu, hazo ya fara sauka a kan duwatsun Tandjouaré. A irin wannan lokaci ne hankalin mutanen yankin Savanes ke komawa kan Tingban-Paab, bikin godiyar amfanin gona na Moba da Gurmawa da ake yi a watan Disamba, da kuma raye-raye, kiɗe-kiɗe da baje kolin sana'ar hannu da ke tafiya tare da shi. Bana akwai abin da ya ƙaru. A watan Yulin 2025 aka sake zaɓen kansiloli a komin 117 na ƙasar nan, kuma duk inda sabuwar majalisa ta zauna, kujeru kan motsa har cikin ƙananan kwamitoci, ciki har da na masu shirya bukukuwa. Ga kuma dattawan da suka daɗe suna ɗauke da wannan aiki a kansu: wasu ƙarfi ya ƙare, wasu sun koma Lomé wajen 'ya'yansu, wasu Allah Ya yi musu rasuwa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, biki na gari ne, kuma ranar da ake miƙa ragamarsa daga hannu zuwa hannu ita ce ranar da ya fi kusa da mutuwa. Idan aka yi miƙawar da baki kawai, a zaure, da shan hannu da addu'a, abin da zai fara faɗuwa ƙasa shi ne rabon ƙananan al'ummomi irin tamu, domin matsayinmu a filin taro ba a rubuce yake a ko'ina ba. Don haka maganar ta shafi zango kai tsaye, har da wanda bai taɓa taka rawa ba a rayuwarsa.

Mai kallo yana ganin biki kwana ɗaya ko biyu, ya sha ƙura, ya koma gida. Wanda ya taɓa zama a kwamiti ya san cewa abin da ake gani a fili ɗan kaɗan ne daga cikin aikin. Akwai kayen da ake rubuta wanda ya ba da jaka biyar da wanda ya ba da buhun shinkafa. Akwai sanin wa ke da lasifika da janareto, wa ke ba da aron kujeru da rumfa ba tare da ya karɓi ko dala ba, wa kuma sai an biya shi rabi tun kafin ya fito da kayansa. Akwai takardar neman izini da ake kai wa perfe, da lokacin da ya dace a kai ta, da jami'in da ake fara gaisarwa a ofishin jandarma. Akwai abin da ya fi waɗannan duka wuya, wato tsarin shiga fili: wane kanton ke gaba, wace ƙungiya ke biye, ina baƙi ke zama, wa ke magana kafin wa. Kuskure ɗaya a wannan jeri kan jawo gabar da za a shekara goma ana gyara ta. To duk wannan ilimi a ina yake ajiye? Galibi a kan mutum ɗaya, da jakarsa ta hannu, da wayarsa. In ya kwanta ciwo, biki ya kwanta. In ya yi fushi da sababbin shugabanni ya kulle ɗakinsa, sai a wayi gari kamar ba a taɓa yin komai ba a garin.

A da, wannan bai zama babbar matsala ba, saboda yaro na koyon aikin ne ta hanyar bin babba shekara da shekara, yana riƙe masa jaka, yana jin yadda ake magana da sarakuna. Wannan igiya ce ta yi rauni. A watan Afrilun 2020 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci saboda cutar korona, aka taƙaita taruka a ƙasa baki ɗaya. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga harin Kpékpakandi a Kpendjal, cikin daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2022, inda sojoji 8 suka rasa rayukansu, kuma a watan Yuni na wannan shekarar aka sa yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro, wadda aka yi ta tsawaitawa. Kowa ya san yadda hakan ya sauya zaman jama'a a arewa: taro ya zama abin lissafi, tafiyar dare ta zama abin tunani. Yaron da ke da shekara 14 a farkon korona yau ya kusa 20, ya kai munzalin a ba shi aiki, amma shekarun da ya kamata ya yi yana kallon yadda manya ke shirya taro sun wuce masa cikin rabin zaman gida. Shi ne za a miƙa wa ragama gobe.

Ba mu kaɗai wannan ta taɓa samu ba, kuma ƙasar Hausa ta ba mu misalai biyu da suka isa a tsaya a kansu. Bikin kamun kifi na Argungu, a jihar Kebbi, ana danganta farkonsa da ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934. Bayan 2009 aka daina yin sa kusan shekara goma, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016 alhali yana kwance. Amma da aka tashi dawo da shi a watan Maris na 2020, ba a rasa wanda ya san yadda ake buɗe kogin Matan Fada ba, domin aikin na hannun masu sarauta irin su Sarkin Ruwa da Homa, kuma sarauta ba ta mutuwa da mutuwar mai riƙe da ita. Aikin an ɗaura shi ne a kan muƙami, muƙamin kuma kowa ya san yadda ake gadonsa. Misali na biyu na Kano ne, kuma ya fi ɗaci. A watan Disamban 2024 UNESCO ta amince da hawan Sallah na Kano a matsayin gadon al'adun bil'adama. A daidai wannan zamani, saboda takaddamar sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi na biyu da Aminu Ado Bayero, 'yan sanda suka hana hawan a Babbar Sallar 2024, aka sake rasa shi a 2025. Dawakai na nan, mahaya na nan, masu algaita da kakaki na nan, takardar yabo daga waje ma ta iso. Abin da ya rage kawai shi ne a san hannun wa ragama take, kuma rashin wannan ya isa ya tsayar da bikin ɗaruruwan shekaru. In hakan ta iya samun Kano, ina ga wasan unguwa a Dapaong ko na wani kanton a Tandjouaré?

Yanzu ga abin da ya sa muka ce rabonmu ne zai fara faɗuwa. Hausawa ba jiya suka zo ƙasar nan ba. Fataken goro masu bin hanyar Kano zuwa Gwanja sun yi ta ratsawa ta Sansanné-Mango, wasu kuma ta Djougou su biyo ta ƙasar Tem, tun kafin Jamusawa su kafa tuta. Amma zaman baƙo da mai gida a al'adarmu an gina shi ne a kan mutunci tsakanin mutum da mutum. Sarkin zango ya san sarkin kanton, mahaifinsa ya san mahaifinsa, shi ya sa ake aiko masa da goron gayyata, a ajiye masa kujera, a ba makaɗan kalangu ko 'yan dambe ɗan lokaci a fili, a ware wa mahauta da masu tsire gefen da za su kafa tukubarsu. In ka tambayi dalili, amsar ita ce "haka aka saba". To "haka aka saba" tana aiki ne muddin mutanen da suka saba ɗin suna raye kuma suna kan kujera. Sabon shugaban kwamiti, matashi mai digiri da ya yi karatu a Kara ko Lomé, zai buɗe kundin da aka miƙa masa, in ma an miƙa, ya tsara shirin biki da abin da ya gani a ciki. Abin da bai gani ba, ba zai sa ba, kuma ba don ƙiyayya ba. Mutanen zangon Lomé sun san farashin zama a kan "an saba": a 1977 aka rushe tsohon zango na tsakiyar birni aka mayar da jama'a can bayan gari ta arewa, bayan shekaru da dama suna zaune a wurin.

Wani zai ce, to sai me in ba a kira mu biki ba, ai kasuwarmu na ci. Tsakani da Allah wannan gajeren tunani ne, musamman a yankin Savanes na yau. A lokacin da ake zaman ɗar-ɗar, ana kallon duk wanda ba a sani ba da ido biyu, sanayya kariya ce. Al'ummar da ake ganin dattawanta zaune kusa da perfe da magajin gari da sarakunan kanton, ake ganin matasanta na jera kujeru tare da matasan Moba, ba ta da sauƙin a yi mata ƙazafi. Wadda kuwa ba a ganinta sai a bayan kanta, ranar da wani abu ya faru, ba ta da mai tsaya mata ya ce na san su. 'Yan uwanmu Fulani sun fi kowa ɗanɗana wannan a ƙasashen yankin. Kujerar da ake ajiye wa sarkin zango a filin biki tana da amfani fiye da na kwana ɗaya.

Mun san akwai masu jin nauyi ta fuskar addini, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Tingban-Paab na da ɓangaren da ya shafi bautar gargajiya ta masu shi, da hadayar da suke yi a wuraren da suke girmamawa. Wannan nasu ne, ba wanda ya ce Musulmi ya sa hannu a ciki, su ma ba su nema ba. Amma taron fili, da jawabai, da baje kolin masaƙa da maƙera da dukawa, da gasar 'yan lakwal, sha'anin zaman gari ne. A Sokodé an daɗe da samun hanyar zama da irin wannan. Gadao bikin godiyar amfanin gona ne na Tem, Adossa kuwa, wasan wuƙaƙe da ake dangantawa da mayaƙan Semassi, a al'adance yana zuwa ne a watan Maulidi, ga kuma Kosso na mata, an haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, Gadao-Adossa, a garin da mafi yawan jama'arsa Musulmi ne. Malamai na da ra'ayoyi mabambanta a kan wasu abubuwan da ake yi a ciki, wannan gaskiya ne, amma garin bai watsar da taronsa ba. Abin da ya kamata limamanmu na Dapaong da Tandjouaré su yi shi ne su zauna su fayyace wa jama'a iyaka, wannan a shiga, wancan a bari, maimakon a bar kowane saurayi da fatawar da ya tsinta a waya.

To me za a miƙa, kuma ta yaya? Mu fara da kuɗi, tunda a nan ake ɓatawa. Kuɗin biki ba shi da dalilin kwana a lambar Flooz ko makamanciyarta ta mutum ɗaya, komai amanarsa. Mutumin kirki ma yana mutuwa, kuma ranar da ya mutu magadansa ba su da hanyar bambance kuɗin gari da nasa. Wayar na iya ɓata, layin na iya rufewa. A ƙasar nan ƙungiyoyi na yin rajista, a ba su resipise, da shi kuma ake buɗe asusu da sunan ƙungiya a banki ko a Coopec, inda kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Takardun na da ɗan wahala, ana kai da kawowa, amma sau ɗaya ake yi. Duk kwamitin da ya shekara biyar yana tara kuɗin jama'a bai yi wannan ba, a tambaye shi dalili cikin ladabi. Ranar miƙa ragama kuma a karanta lissafi a bainar jama'a: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga abin da ya rage, ga bashin da ake bin mu, ga wanda muke bi. Maganar bashin nan ita aka fi ɓoyewa. Sabon kwamiti ya hau da murna, sai bayan wata biyu mai rumfa ya zo da takardar jaka ɗari biyu ta shekarar da ta wuce, daga nan zargi ya fara, tsofaffi su ce an ci mutuncinsu, sababbi su ce an haƙa musu rami. Mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata a ce mu ne ke jin kunyar neman a rubuta ba. Neman rasit ba zargin sata ba ne, kuma dattijon da ya riƙe amana shi ya fi kowa cin ribar a karanta lissafinsa a fili.

Sai kaya: ganguna, tufafin 'yan rawa, tutoci, kofuna, lasifika, tabarmi. A ƙirga su, a rubuta inda kowanne yake da halin da yake ciki, a kuma bambance na gari da na aro. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Abin da ya fi cin lokaci, kuma muka fi jin tsoron asararsa, shi ne tarihin bikin kansa. Hotunan shekarun baya suna cikin akwatuna a ɗakunan mutane, gara na ci. Kaset-kaset na bidiyo da aka ɗauka a shekarun 1990 suna narkewa da zafi, na'urar kunna su ma ta yi wuyar samu. Na baya-bayan nan suna cikin wayoyin da ake sayarwa ko a sace. Ko manya ba su tsira daga irin wannan asara ba: ranar 1 ga Satumban 2009 ambaliyar ruwa ta shiga ma'ajiyar finafinan Afirka da ke hedikwatar FESPACO a Wagadugu, ta lalata finafinai masu yawa, alhali wannan biki ne da ake yi tun 1969 da goyon bayan gwamnati. Darasin shi ne kada a ajiye abu a wuri ɗaya. A kwafe hotuna da sauti sau uku: ɗaya a hannun kwamiti, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a gidan tarihi, tunda akwai na yanki a Dapaong, akwai kuma a Sokodé. Mutanen Tandjouaré ba sa bukatar a koya musu ajiya. Kakannin Moba ne suka gina rumbuna fiye da ɗari a cikin kogon dutsen Nok don hatsinsu ya tsira a zamanin hare-hare, wurin da ke cikin jerin share fage na UNESCO tun shekarar 2000, kuma rumbunan na nan tsaye har yau.

Hoto kuma in ba suna, bayan shekara ashirin ya zama takarda kawai. A zaunar da tsofaffi, maza da mata, a nuna musu hoto ɗaya bayan ɗaya, su faɗi wane ne wannan, wace shekara ce, me ya faru. A naɗi muryarsu da Moba, da Hausa, da Tem, yadda suka faɗa, kafin a juya zuwa Faransanci. Ɗaliban jami'ar Kara 'yan asalin yankin da ke dawowa hutu za su iya wannan aiki da wayoyinsu cikin mako biyu, in aka ba su abinci da kuɗin mai. A nemi izinin mutane kafin a yaɗa hotunansu, musamman matan aure, kada gyara ya zama ɓarna. Mu Hausawa muna da abin koyi a gida. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga sannan ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take cikin Togo ta Jamus, ya rubuta labaran ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta da ajami, jami'in Jamus Adam Mischlich ya tattara. Ya rasu a 1934, amma har yau masu bincike na komawa ga abin da ya bari. Malamai nawa ne a zamaninsa suka san abin da ya sani, suka tafi da shi kabari?

A cikin wannan kundi ne ya kamata a rubuta matsayin zango baƙi da fari: ana gayyatar sarkin zango da limami, ga inda suke zama, ga lokacin da ake ba wasannin Hausa, ga wurin 'yan kasuwa, ga kuma abin da zango ke bayarwa. Wannan na ƙarshen kada a tsallake shi. Ba daidai ba ne mu nemi kujera mu guje wa ɗaukar kaya. In 'yan kasuwarmu na ba da gudummawa, to a daina bayarwa a ɓoye ɗaya-ɗaya, kowa na neman a san shi shi kaɗai. A tara a kai da sunan al'umma, a karɓi rasit. A kuma tura matasa biyu ko uku cikin kwamiti, masu jin Faransanci da Moba, waɗanda za su halarci zama tun daga na farko, ba sai ranar rabon riguna ba.

Muna da magana da dattawa masu sauka. Mun san abin da ciwo. Mutum ya shekara ashirin yana yawo a kan babur ƙauye-ƙauye, ya sa kuɗin aljihunsa, ya sha zagi, yau a ce wani yaro da aka haifa a gabansa ne zai zauna a kujerarsa. Sai zuciya ta ce, bari in riƙe kayen, su zo su roƙe ni. Baba, in ka yi haka, aikinka na shekara ashirin ne ka binne da hannunka, domin yaran ba za su zo roƙo ba, sabon kaye za su saya su fara daga shafi na ɗaya, sunanka kuma ba ya ciki. Hanya mafi kyau ita ce a yi shekara guda ana tafiya tare: sabon shugaba na gaba, tsohon na gefensa, ya kai shi gidan kowane sarki da kowane mai taimako ya ce ga wanda zai riƙa zuwa muku daga yau. Wannan gabatarwa ta ƙafa da ƙafa ta fi kowace takarda, takardar kuma ita ke tsare ta in an manta.

Matasa masu karɓa, ku ma ga taku. Cutar sabon shugaba ita ce son a ce da shi aka fara. Sai a sauya wa biki suna, a sauya tambari, a buga allo a rubuta "karo na farko" a kan abin da aka shekara talatin ana yi. Wanda ya yi haka ya yi wa kansa asara, domin mai ba da tallafi, gwamnati ce ko kamfani ko 'yan gari mazauna waje, ya fi sakin hannu ga abin da ke da tarihi. Ku gyara abin da ya lalace, ku kawo naku, amma ku ci gaba da ƙirga daga inda aka tsaya. Kada kuma ku ce sai kun yi wanda ya fi na kowa a shekarar farko. A halin tsaron da ake ciki, taron rana da aka tsara da sanin hukuma, aka fara a kan lokaci aka tashi kafin magariba, aka biya kowa haƙƙinsa, ya fi gagarumin shiri na kwana uku da zai bar bashi. In an ga kun riƙe ƙarami da kyau, baɗi masu ba da jaka biyar za su ba da goma. Ku kuma yi hattara da masu zuwa da riguna da huluna masu launin jam'iyya. Bikin da ya zama na jam'iyya ɗaya, rabin gari ya bar shi ke nan, mu kuma marasa rinjaye mu ne muka fi shiga tsaka mai wuya in aka ce sai an zaɓi ɓangare.

Akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba ranar rabon muƙamai, alhali su ke dafa abincin baƙi, su ke haɗa 'yan rawa, su ke riƙe da adashin da ya fi asusun kwamitoci da yawa tsari. Matar da ta shekara goma tana riƙe da kuɗin mata arba'in a kasuwar Dapaong ba tare da dala ta ɓata ba, ta cancanci a ba ta ma'aji, ba shugabar masu girki kawai ba.

Su kuma magadan gari, na Tandjouaré 1 da Tandjouaré 2, da na Tône da Tchaoudjo, aikin da ke kansu ba mai tsada ba ne. Kafin su sa hannu a kan ko sefa ɗaya na tallafin biki, su nemi ganin takardar miƙa ragama mai ɗauke da sa hannun mai sauka da mai hawa da shaidu, su ajiye kwafi a ofis, su kuma tambaya ko an kira dukkan al'ummomin da ke zaune a komin, Hausawa, Fulani, Mosi, Anufo, Yarbawa da sauransu. Tun 2019, bayan shekara 32 ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, aka dawo da su don irin waɗannan ƙananan abubuwa da Lomé ba za ta gani ba.

Makonni kaɗan suka rage. Sarakunan zango na Dapaong da Tandjouaré ba sa bukatar jiran goron gayyata: su kira zama bayan sallar Juma'a, a fitar da sunayen matasan da za a tura, a rubuta abin da aka saba yi mana da abin da muka saba bayarwa a takarda ɗaya, da Hausa da Faransanci, a kai wa kwamiti da magajin gari kafin a buga shirin bikin bana.